Karen Fitbul a Cikin Iyali: Tsakanin Tausayin Dabba da Haƙƙin Mai Karɓa

A tsakiyar shekarar 2017, a garin Virginia Beach da ke gabashin Amurka, wata mata ta karɓo kare daga wani gidan riƙon dabbobi, ta kai shi gidan da take zaune tare da mahaifiyarta, dattijuwa 'yar shekara 90. Ko wuni guda karen bai yi a gidan ba ya far wa tsohuwar, ta rasu a asibiti sakamakon raunukan da ya ji mata. Daga baya rahotanni suka nuna cewa ba wannan ne cizonsa na farko ba. Karen na daga cikin jinsin da ake kira fitbul. A shekarar da ta biyo baya, majalisar jihar Virginia ta yi dokar da ta wajabta wa irin waɗannan gidaje su binciki tarihin cizon kare, su kuma sanar da duk wanda zai karɓe shi.

Mai karatun da ya saba ganin kare a ƙofar gida yana gadi, ko a bayan mafarauci, zai yi mamakin abin da ya kai kare ɗakin tsohuwa. A can, kare ɗan gida ne: yana kwana a falo, yana wasa da yara. Wanda aka tsinta a titi, ko mai shi ya gaza da shi, ana kai shi gidan riƙo na hukuma ko na ƙungiyar agaji, inda zai jira wanda zai biya 'yan kuɗi kaɗan ya tafi da shi. Idan wuri ya cika, wanda ya rasa mai so sai a yi masa allurar mutuwa. Fitbul na cikin karnukan da suka fi cika waɗannan gidaje, kuma suka fi daɗewa a cikinsu.

Asalinsa daga Birtaniya ne. A da ana sakin karnuka su kama bijimi ɗaure a gaban 'yan kallo, har majalisa ta haramta wasan a 1835. Sai 'yan caca suka koma haɗa kare da kare a cikin rami, suna barbarar karen kama bijimi da ƙananan karnukan kashe ɓera, suna zaɓen mai ƙarfi, mai riƙo, wanda ciwo ba ya sa shi saki. Daga wannan rami ya samo sunansa. Masu kare shi a yau suna yawan cewa tarbiyya ce komai, wato kare ba ya lalacewa sai a hannun mugun ubangida. A ganina rabin gaskiya ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya yarda cewa karen farauta ya gaji bin sawu, ba zai ce gado bai shafi wannan ba.

Sai dai ɗaya rabin ma yana da hujja mai ƙarfi. A 2007 aka kama Michael Vick, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, da laifin shirya faɗan karnuka, aka yanke masa ɗaurin wata 23. An ƙwace karnuka kusan 50 a gidansa. Bisa abin da aka saba, da an kashe su duka. Amma kotu ta sa a gwada kowanne shi kaɗai, kuma kusan dukkansu suka tsira. Ƙungiyar Best Friends da ke jihar Utah ta karɓi 22, da yawa kuma suka ƙare rayuwarsu lafiya a gidajen mutane. Abin da masu ba da wannan labari kan tsallake shi ne cewa ƙwararru ne suka yi watanni, wani lokaci shekaru, suna aiki a kansu, kuma akwai waɗanda ba a taɓa miƙa su ga wani iyali ba har suka mutu.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne sunan kansa. Fitbul ba jinsi ɗaya ba ne. Laƙabi ne da ake maƙala wa jinsuna da dama, da duk wani barbaren kare mai faɗin kai da gajeren gashi. Masu bincike a Jami'ar Florida sun gwada a 2015, suka tarar ma'aikatan gidajen riƙo na saɓa wa juna a kan kare ɗaya, kuma sau da yawa gwajin ƙwayoyin halitta yana ƙaryata su. Wani binciken na Jami'ar Jihar Arizona a 2016 ya nuna cewa karen da aka rubuta wa fitbul a jikin keji yana jira fiye da ninki uku na mai kama da shi da aka ba wani suna. Saboda haka wasu gidaje suka daina rubuta jinsi gaba ɗaya.

Ban ga laifin wannan ba, domin daina rubuta abin da ba ka da tabbacinsa gaskiya ce. Inda nake da ja shi ne matakin da ke biye. Gidajen riƙo da yawa a Amurka na neman a san su da cewa ba sa kisa, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne kashi 90 cikin ɗari na dabbobinsu su fita da rai. Niyya ce mai kyau, amma duk ma'aikatar da aka ɗora wa adadi za ta koyi hanyar cika shi, kamar yadda mu malamai muka sani game da sakamakon jarrabawa. Sai ka ga karen da ya taɓa yaga wani kare an bayyana shi da cewa ya fi son zama shi kaɗai, wanda ya ciji yaro kuma an ce ya fi dacewa da gidan manya. Ma'aikaci ya ceci ran kare, amma haɗarin ya koma kan iyalin da ba su san abin da suka ɗauko ba, da 'ya'yan maƙwabta waɗanda ba a ko shawarce su ba.

Hani na gaba ɗaya ma bai kashe maganar ba. Birtaniya ta haramta fitbul a 1991, sannan daga Fabrairun 2024 ta hana mallakar ɗan uwansa XL Bully a Ingila da Wales sai da takardar izini, bayan jerin kashe-kashen da aka danganta da shi. A can gidan riƙo ba shi da ikon ba da irin wannan kare ga kowa, komai laushin halinsa. Holan kuwa ta kafa hani a 1993 ta janye a 2008, mutanen birnin Denver ma suka soke nasu na 1989 da ƙuri'a a 2020.

Na fi gamsuwa da hanyar da Virginia ta bi, wadda Kalifoniya ta ƙarfafa da dokarta ta 2019. Ba ta tambayar sunan jinsi. Idan kare ya kai wata huɗu, kuma an san ya taɓa cizon mutum har ya huda fata, dole gidan riƙo ya rubuta abin da ya faru da yadda ya faru, ya miƙa wa mai karɓa, shi kuma ya sa hannu cewa ya karanta kafin a ba shi igiyar.