Gizo-gizo Biyu da Suka Daɗe Suna Amsa Suna Ɗaya

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne, kuma masu kiwon tarantula sun gane haka da idonsu. Tarantula ƙaton gizo-gizo ne mai gashi, irinsa ya haura dubu a duniya, kuma a Turai da Amurka mutane na ajiye shi a gida kamar yadda ake kiwon tantabara.

Wanda ya fi farin jini shi ne baƙin nan na ƙasar Meziko mai jan gwiwa. Shekara da shekaru ana sayar da shi da sunan Brachypelma smithi, sunan da aka raɗa tun 1897. A 2017 ne masana biyu, Jorge Mendoza da Oscar Francke, suka bi su har ramukansu, suka gwada ƙwayoyin halittarsu, suka tabbatar akasarin na kasuwa wani ne daban, Brachypelma hamorii. Kogin Balsas ne iyakarsu: smithi na jihar Gerero, hamorii kuwa na arewacin kogin, wajen Kolima da Halisko da Michowakan.

To yaya ake rarrabewa? Jan gwiwar smithi ya fi haske da faɗi. Hamorii kuma na da zane biyu masu haske a saman tushen fiƙarsa. Amma launi maƙaryaci ne. Yakan koɗe idan fata ta tsufa, ya dawo fes bayan saɓa, balle a hoton waya. Shi ya sa masani ke jira macen ta yi saɓa, ya ɗauki tsohuwar fatar ya shimfiɗa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya duba siffar 'yar jakar da take ajiye maniyyin namiji. Namiji kuwa sai ya balaga a duba gaɓar barbararsa da ke kusa da baki. Aiki ne na mai haƙuri, don babbar mace kan shekara guda ba ta yi saɓa ba.

Wani zai ce wahalar me kan gizo-gizo? Wanda ya rikita su zai haɗa su barbara, irin ya gauraye. Hukuma ma ba ta iya kare abin da ta ƙirga da sunan wani, ga shi kuwa tun 1985 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan fataucin smithi.

In ka ga an liƙa wa ɗaya suna daga hoto kawai, tambayi saɓarsa.