Rayuwa a sansanin ƙanƙara da hawan Dutsen Vinson

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, ana kafa wani ƙaramin gari na tantuna a kan kogin ƙanƙara mai suna Union, a tsaunukan Ellsworth da ke nahiyar Antaktika. Jirgi kan taso daga Punta Arenas a kudancin ƙasar Chile, ya yi kimanin awa huɗu a sama, sannan ya sauka a kan shuɗiyar ƙanƙara mai tauri wadda iska ta share. Da lokacin ya wuce, sai a kwashe tantunan, kowa ya kama gabansa.

Duk tsawon waɗannan watanni rana ba ta faɗuwa. Agogo ne kaɗai ke gaya wa mutum dare ya yi, wasu ma sai sun rufe ido da ƙyalle barci zai zo. Musulmin da ya je can yakan ƙiyasta lokutan salla, domin malamai sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da yini, wasu kuma sun ce a bi na Makka. Ruwa kuwa, ko na sha ko na girki, sai an haƙo ƙanƙara an narkar. Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, tana fasa leɓe fiye da hunturunmu, don haka wanda bai yawaita shan ruwa ba zai galabaita tun bai fara hawa ba.

Yawancin masu zuwa, Dutsen Vinson ne a ransu, dutse mafi tsawo a nahiyar, mita 4,892. An sa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisar dokokin Amurka, kuma sai a Disambar 1966 wata tawagar Amurkawa ƙarƙashin Nicholas Clinch ta fara taka ƙololuwarsa. Daga Union ana shiga ƙaramin jirgi mai sauka a kan ƙanƙara zuwa zango na farko a gindin dutsen, a kan kogin ƙanƙarar Branscomb, wajen mita 2,100.

Daga nan sai ƙafa. Mutane kan ɗaure juna da igiya ɗaya, saboda akwai ramuka masu zurfi da dusar ƙanƙara ta lulluɓe bakinsu. In ɗaya ya rufta, sauran su riƙe shi. Kowa na goye da jaka, yana kuma jan kaya a bayansa. A zango na biyu ne ake sanin darajar rana. Ba ta faɗuwa, amma takan ɓuya a bayan dutsen, kuma da inuwa ta rufe tanti sai sanyi ya sauko nan take, har numfashi ya daskare a jikin tantin. Babu mai fitowa sai hasken ya dawo. Daga can a kama igiyoyin da aka kafa a gangare mai tsini, a hau zango na ƙarshe, wajen mita 3,800, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili ko fiye.

Masana hawan duwatsu na cewa Vinson ba shi da wuyar hawa ta fuskar dabara. Haƙuri yake nema. Iska na iya tsare mutum kwanaki cikin tanti, kuma wanda ya yi gaggawa ya cire safar hannu yana iya rasa yatsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar tsabta. Yarjejeniyar Antaktika ta 1959 ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da bincike, sannan ƙarin da aka sa wa hannu a Madrid a 1991 ya hana haƙar ma'adinai, ya tsananta batun shara. A kan Vinson, mutum kan yi bayan gida a leda ta musamman, ya ɗauko abinsa har ƙasa, jirgi ya mayar Chile. A irin wannan sanyi babu abin da ke ruɓewa, abin da aka yar yana nan shekara da shekaru.

Masu ziyartar Antaktika sun haura 100,000 a kakar 2022 zuwa 2023, yawancinsu ta jirgin ruwa. Tunda baƙi sai ƙaruwa suke yi, bai kamata ƙasashen da suka sa hannu su sassauta wannan doka ko kaɗan ba.