Lantarki Ya Shiga Aikin Jinyar Masu Ciwon Jijiyoyi

Duk masuncin da ya taɓa kama minjirya ya san yadda lantarki ke fizgar jijiyar mutum. Tun zamanin Rumawa likitoci kan ɗora wani kifin teku mai irin wannan ƙarfi a kan mai ciwon kai. Yau kuwa 'yar na'ura mai aiki da batir ce ta gaji kifin, kuma masu cutar da likitoci ke kira MS suna cikin masu cin moriyarta.

Ita wannan cuta, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1868, garkuwar jiki ce ke juyawa ta cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Saƙo sai ya riƙa katsewa, kamar wayar da robarta ta zagwanye. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, mata sun fi yawa.

Na'urar iri biyu ce. Ta farko ana manna ta a fata don rage raɗaɗi, bisa bayanin da Melzack da Wall suka yi a 1965, cewa ɗan motsin lantarki yana tare saƙon ciwo a laka. Ta biyu, wadda Liberson ya fara gwadawa a 1961 kan masu shanyewar ɓarin jiki, tana zungurar jijiyar ƙasan gwiwa, sai tafin ƙafar da ke jan ƙasa ya ɗaga daidai lokacin taku.

Zafi yana tsananta alamun cutar, saboda haka sanyin Jos, mai tudun mita 1,200, sauƙi ne ga majinyaci. Amma da yake ba a cika ganinta a ƙasashen zafi ba, matashin da ƙafarsa ta yi nauyi ko ganinsa ya dushe akan ce sammu ne ko iska. Kamata ya yi a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, likita ya bincika.

To, a lura: lantarki ba ya warkar da cutar, wahalarta kawai yake ragewa. Masanin gashin ƙashi ne zai nuna inda za a manna na'urar. Mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, kada su taɓa ta sai da izinin likita.