Mai Son A Zuba Masa Kayan Roba Da Sunansa, Ya Fara Da Zancen Mazubi

Jama'ar kasuwa, diloli da dillalai, yau zancenmu na masu sarin kayan roba ne. Da yawa daga cikinsu, a Sabon Gari da sauran kasuwannin Kano, sun kai inda suke ganin sarin kayan wani ya ishe su, suna son masana'anta ta zuba musu nasu samfurin, da sunansu a gindin bokiti. Akwai masana'antu masu karɓar irin wannan aiki, kuma akwai riba a ciki. Amma kuɗin mutum yakan nutse a wuri guda, watau mazubi, wanda ma'aikata ke kira mol.

Ga yadda aikin yake. Ƙwayar roba tana zuwa a buhu mai kilo 25. Ana juye ta a bakin inji, wani dogon ƙarfe mai murɗi, irin na injin markaɗe, yana tura ta cikin bututu mai zafin da ya wuce digiri 200 har ta narke. Daga nan inji ya angiza ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe mai ɓari biyu. Ruwan sanyi na zagayawa cikin jikin mazubin, roba ta daskare, mazubi ya buɗe, kaya ya faɗo, ya sake rufewa. Dabarar tsohuwa ce. A Amurka John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa suka yi rajistar injin farko a 1872, James Watson Hendry kuma ya kawo mai murɗin nan a 1946.

Kofi, faranti, kwando, bokiti, kujera, marfin kwalba da takalmin roba duk ta wannan hanya ake yin su. Jarka da gora kuwa hura su ake yi da iska, injinsu daban. Kada ka kai aikin jarka gidan da ba su da injin huri.

To, Alhaji, inji na mai masana'anta ne, yau ya zuba maka, gobe ya zuba wa wani. Mazubi shi ne naka, don kowane samfuri da nasa. Mai zubin tukunyar alminiyam yana rushe yashinsa ya sake wani a take. Wannan kuwa ƙarfe ne da aka sassaƙa da na'ura, ana ɗaukar makonni ko watanni kafin a gama, kuma da yawansu daga ƙasar Sin ake kawo su, musamman daga Huwangyan a lardin Zhejiang, garin da ya shahara da wannan sana'a. In an sassaƙa an sassaƙa. Ƙara zurfin rami yana yiwuwa, mayar da ƙarfen da aka cire kuwa aiki ne mai wuya da tsada.

Saboda haka kafin a biya ko kwabo sai a zauna da alƙalami. Alal misali, a ƙaddara mazubi ya ci naira miliyan 6, kuma kowane kofi ya fi wanda kake sara sauƙi da naira 30. Sai ka sayar da kofi 200,000 kafin kuɗin mazubi ya dawo. In a shekara kofi 20,000 kake fitarwa, shekara 10 ke nan kana jira. Wannan lissafi ne na misali, kowa ya sa nasa adadin. Wanda kasuwarsa ba ta kai ba, gara ya sa a zuba masa da mazubin da masana'anta take da shi, a canza masa launi kawai.

Sai yawan ramuka. Mazubi mai rami ɗaya kofi ɗaya yake fitarwa a bugu guda. Mai rami 4, in kowane bugu daƙiƙa 30 ne, yana ba da kofi 480 a awa. Ya fi tsada, amma kuɗin aikin kowane kofi ya ragu. Sai dai babban mazubi babban inji yake so, wanda zai iya matse shi. An sha ganin mutum ya yi odar mazubi kafin ya tambayi girman injin da zai hau.

Abin da ya fi jawo rigima shi ne mallaka. Ka biya kuɗin mazubi, amma yana ajiye a gidan wani. Ranar da farashi ya raba ku, za ka iya zuwa da mota ka ɗauki abinka? In kana Makka ko kana jinya, wa zai hana a ɗora shi a zuba wa abokin hamayyarka? Wani lokaci mai masana'anta zai ce ka biya rabi, shi ya biya rabi. Da daɗin ji, amma daga ranar ka zama ɗaurarre a gidansa. Malam dillali, nan ne la'adarka take halatta: ka sa a rubuta wa ke da mazubi, wa zai gyara in ya lalace, wa zai shafa masa mai kada ya yi tsatsa, da shaidu da sa hannu. A buga sunan mai shi a jikin ƙarfen.

A rubuta nauyi ma. Buhu mai kilo 25 yana ba da kofi 500 in kowanne giram 50 ne. In aka rage zuwa giram 45 sai ya ba da 555. Ido ba zai gane ba, sai mai shayi ya dawo maka da fasasshe. A ajiye samfurin da aka amince da shi, ɗaya wurinka ɗaya wurinsu, a riƙa ɗora sabon kaya a sikeli.

Haka kuma a faɗi irin ƙwayar. Akwai sabuwa, akwai niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da 'yan jari-bola ke tarawa. Ta biyun tana da araha, ta isa kwandon shara ko bokitin gini, shi ya sa ake yawan rina ta baƙi. Amma ba ta kai sabuwa ƙwari ba, kuma bai kamata ta shiga abin cin abinci ba. Alamar da ke gindin kaya tana taimakawa: lamba 5 ita ce PP, lamba 2 HDPE, lamba 3 PVC.

Farashin ƙwaya ba ya zama wuri ɗaya, don daga man fetur da gas ake samo ta, tana bin ɗanyen mai da dala. Kamfanin Eleme da ke kusa da Fatakwal, wanda Indorama ya saya a 2006, yana yin ta a gida, matatar Ɗangote ta Lekki ma ta soma fitar da PP a 2025. Duk da haka tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba mai masana'antar da zai so ya ɗaure kansa da farashi na dogon lokaci. Mai wayo yakan raba ciniki biyu, kuɗin ƙwaya daban bisa farashin ranar, kuɗin zubi daban.

Mu Hausawa komai roba muke ce masa, amma danƙo, irin na bushin mota da zoben famfo, hanyarsa dabam ce. Shi mazubinsa zafi ake ba shi, danƙon ya nuna a ciki tare da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Yana ɗaukar mintoci a inda kofi ke ɗaukar daƙiƙoƙi, kuma in ya nuna ba ya sake narkewa. Kofin da ya fito a karkace ana niƙe shi a mayar inji, na danƙo kuwa ya tafi ke nan. Don haka mai odar kayan danƙo ya tambaya tun farko, a kan wa asarar wanda ya lalace za ta faɗa.