Me ya sa kifi ke haurowa Kogin Kaduna da damina?

Da zarar ruwan farko ya sauka a watan Mayu, Kogin Kaduna sai ya rine ja, ya fara cika. Daga nan masu fatsa a Barnawa, Nasarawa da Kudenda suke jeruwa a bakin gaɓa tun da asuba.

Ba banza ba. Ƙaruwar ruwa ce ke shaida wa kifi cewa lokacin saka ƙwai ya yi. Tarwaɗa da kurungu sukan bi gefen kogi, inda igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, su kutsa cikin ciyayin da ruwa ya shanye. Can akwai abinci, akwai mafaka ga 'ya'yansu. Shi ya sa gwani ba ya wahalar jefa ƙugiya tsakiyar kogi. Bakin rafi yake nema, ya soka tana ko shinge, ya ɗaura ɗan dalma, ya zuba wa tsirkiya ido.

A Amurka ma akwai irin wannan: wani kifi mai zane yakan baro teku ya hauro Kogin Hudson a Afrilu da Mayu, sai dai shi ɗumin ruwa ke kiransa.

Namu kuwa hanyarsa ta gajarce. Tun 1990 madatsar Shiroro ta tare kifin da ke tasowa daga Kogin Kwara. Ga kuma dagwalon masana'antun Kakuri da rafin Makera ke kwararowa. A ganina, kifin da aka kama a bakin wannan rafi bai cancanci tukunya ba.