Furanni na magana, manomi ya saurara

Ƴan'uwa manoma na ƙasar Tasawa da Mayahi, yau za mu yi magana a kan furanni. Wani zai ce fure ba ya cika rumbu. Amma babu ɗan itacen da ke zuwa ba tare da fure ya riga shi ba. Wanda ya san lokacin kowane fure, ya san lokacin aikinsa.

Mu fara da bazara. A watannin Maris, Afrilu da Mayu ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare. Duk da haka, a lokacin ne dogon yaro ke fitar da ƙananan furanni farare masu ƙamshi, har mai barci a tsakar gida ya ji da dare. Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi. Aduwa kuwa tamu ce ta gado. Furenta, wato dubagira, iyayenmu mata na dafa shi a ci, kuma ya sha rufa wa gidaje asiri a shekarun yunwa. A Gulbin Kaba, mu lura da goruba: akwai namiji, akwai mace. Namijin fure kawai yake yi, ba ya ƴaƴa. Kada a sare shi don an ga ba ya ba da komai, domin in babu shi macen ma ba za ta haihu ba.

Gawo shi ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da kaka, ya yi fure da shigowar sanyi. Ƴaƴansa na nuna da rani, daidai lokacin da bisashe ke neman abinci. Tun da sassaben zamani ya fara yaɗuwa a jihar Maraɗi daga 1983, manoma da yawa sun daina tumɓuke tohon gawo, kalgo da sabara, sun koma rainonsu a gonaki.

Da ruwan fari ya sauka, a Yuni ko farkon Yuli, sai ƙasa ta farka. Tsidau na cikin masu saurin fitowa, da ɗan furensa ruwan ɗorawa. Bayansa tafasa, gasaya, lalo da yoɗo su biyo. Waɗannan ba mu shuka su ba, amma su ne miyarmu kafin hatsi ya nuna. Ganyensu ya fi taushi kafin su yi fure, saboda haka a tsinka da wuri, a shanya a inuwa. Sai dai a bar wasu tushe a gefen garka su yi fure, su zubar da iri. In an cinye duka, baɗi sai an yi nisa kafin a samu.

Yanzu ga furen da ya fi kowanne kyau a gona, kuma ya fi kowanne mugunta: ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Wajen ƙarshen damina za mu ga gonar hatsi ko dawa ta yi ja-ja kamar an yi mata ado. Kafin ƙuduji ya leƙo sama, ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar hatsi, yana tsotse ruwa da abincinsa. Shi ya sa hatsin ke tsumburewa, ganyensa ya yi kamar wuta ta taɓa shi.

Tushe ɗaya na ƙuduji na iya zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura. Irin na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran hatsi. To, lokacin aiki shi ne da zarar ya fito, kafin furen ya ƙulla iri. A tumɓuke shi da hannu, a fitar da shi daga gona, a ƙone. In an yar da mai fure a kan kunya, irinsa na iya ƙarasa nuna a nan. Aikin shekara ɗaya ba ya isa, kuma aikin mutum ɗaya ma ba ya isa, tun da iska da ruwa da ƙafar dabba na ɗauko irin daga gonar maƙwabci. Ƙuduji ya fi son ƙasar da ta gaji. A kai taki, a riƙa sauya shuka da gyaɗa. Saiwar gyaɗa na sa irinsa ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Wake kuma yana da nasa ƙudujin dabam, shi ma a tumɓuke shi.

A cikin garka, kabewa da kankana na fitar da fure iri biyu, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan kumburi a gindi. Ƙudan zuma ne ke kai garin namijin wurin macen, galibi da safe. In dole ne a yi feshin maganin ƙwari, a bari sai da maraice.

Iyaye, akwai furanni biyu da ya kamata a nuna wa yara. Zaƙami na da babban fure fari mai kama da kakaki, yana yawan fitowa a juji da bayan gida. Ba banza ba ake kiransa haukata-yaro. Yaron da ya ci ƴaƴansa, bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa sambatu. A kai shi likita nan take, tare da reshen abin da ya ci. Tumfafiya kuma, yara na son wasa da furenta, amma farin ruwanta na ƙona ido. In ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, ba tare da murzawa ba, sannan a tafi likita.