Kulle a hannun baƙon da aka dakatar

Cibiyar manhajar Linux tana da wani kulle mai sauƙi da furosesoci ke amfani da shi idan za su taɓa bayanai guda. Wanda ya tarar an riga shi ba ya barci, sai ya yi ta zagaye yana dubawa, domin mai riƙe da kullen zai sake shi nan take. Mai riƙon kan toshe siginar katsewa da na'urori ke aikowa, kada mai amsa siginar ya nemi wannan kullen a furosesa ɗaya, aiki ya cije.

Wannan lissafi ya rushe da Xen ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, KVM kuma ta shiga Linux a 2007. Da su, manhaja kan zama baƙuwa a cikin wata manhajar, mai masaukinta. Katsewar da baƙo ya toshe tasa ce kawai. Mai masauki yana iya ƙwace masa furosesa yana tsaka da riƙe kulle. Tsohon mai rabon lokaci na Xen kan ba kowa milisakan 30, ga kuma kullen da aka gina don abin da bai kai milisakan ɗaya ba. Sauran sai su yi ta ƙona lokaci suna jiran wanda ba ya ma aiki.

Gyaran da aka yi don adalci shi ya ƙara dagula lamarin. A 2008 Linux ta koma kullen tikiti, kowa da lambarsa kamar layin banki. Amma idan mai lamba ta gaba shi ne aka dakatar, kullen na nan a buɗe, babu mai ikon ɗauka.

Daga nan aka karkata zuwa sanar da baƙo cewa shi baƙo ne. Idan ya ɗan zagaya bai samu ba, sai ya roƙi mai masauki ya kwantar da shi, wanda ya saki kullen ya tashe shi. Kullen jerin gwano da ya shigo Linux 4.2 a 2015 shi ma ya zo da wannan dabara. Intel da AMD kuma suka sa furosesa ta riƙa gane zagayen banza ta kai rahoto ga mai masauki.

An samu sauƙi, musamman inda kamfanonin hayar kwamfuta ke cusa baƙi fiye da yawan furosesoci, wanda a ganina shi ne asalin ciwon. Kuɗin da aka biya shi ne sarƙaƙiya: tayar da mai barci ma siginar katsewa ce, kuma idan ta riga barcin isowa aka yi sakaci, baƙon ya sandare ke nan. Irin wannan kuskure kan ɓuya a gwaji, sai injin ya cika da baƙi yake bayyana.